Zaren Sahu Na Uku

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kano lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kuma tsare ka daga sharrin zuciyarka, don ni dai tawa ce ta fi kowa wahalar da ni. Ummanka na ba wa takardar ta saka maka a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin yaji, na ce kada ka gan ta sai ka yi nisa da Kiru. Abin da ke ciki ba zan iya faɗa maka shi ina kallon idonka ba.

Ranar da ka durƙusa a zaure ka ce kana so in bar ka ka tafi shagon Alhaji Ɗanjuma ka ƙara koyon aikin kafet, ka ji na ce Allah ya sa alheri. Bakina ne ya faɗa. Tuwon ranar ban ci shi ba, har Ummanka ta ɗauka ciwon haƙorina ne ya tashi. Gaskiyar magana kishi nake yi. Shekara talatin da wani abu ina jin ƙyashin mutumin nan, yau ga shi ɗan cikina zai zauna a gabansa ya ce masa koya mini. Tun da za ka shiga hannunsa, gara ka ji abin da ke tsakaninmu daga bakina.

Ni da Ɗanjuma ƙauyenmu ɗaya, ƙauyen da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Tare aka kwaso iyayenmu muna yara, tare muka yi karatun allo, kuma da muka tasa muka ga ba mu da hannun kamun kifi ba mu da na noman rani, tare muka tafi Kano wajen wani dattijo mai shagon kafet, Allah ya jiƙansa. Ni na fi Ɗanjuma ƙarfi, na fi shi sauri, baki kuwa ba a magana. Idan mai saye ya shigo ni nake tarbarsa, in shafa masa gashin kafet in ce ya taka ya ji laushi. Shi kuwa Ɗanjuma duk naɗin da aka sauke daga mota, sai ya tsuguna ya juya gefensa ya tsura wa bayan ido, ya sa farce ya kankare, wani lokaci har ya sunsuna. Ina yi masa dariya, ina ce masa mai sansanar gindin kaya. Wata rana maigidan ya ji, ya ce, "Haladu, bar shi. Kai kana sayar da fuska, shi yana koyon kafet." A gaban mutane ya faɗa, kuma daga ranar nan ne abin ya fara cina.

Na san na taɓa yi maka bayanin yadda ake yin kafet, amma a gurguje na yi, don duk lokacin da na fara sai in ji muryar Ɗanjuma a bakina, raina ya ɓaci. Yau zan yi maka shi yadda ya kamata. Yawancin kafet ɗin da muke shimfiɗawa ba saƙa ba ce irin ta tabarma ko ta gwado. Inji ne mai allurai rututu a jere, yana soka zare cikin wani yadi mai kama da buhun taki. Zaren ya shiga ya dawo, ya bar 'yan zobba a sama. Wani a bar zobban yadda suke, wani a yanke kawunansu su tsaya cako-cako. Babu ƙulli ko ɗaya a ciki. In aka bar shi a haka, yaro ma zai kama bakin zare ya warware maka layi guda. Shi ya sa ake juya shi a shafe bayan da gam, gam ɗin ya riƙe gindin kowane zare, sannan a manna yadi na biyu a kai, ko raga ta roba ko algarara, a matse a busar da zafi. Yadin farko shi ne mazaunin zare, gam shi ne mai riƙo, na biyun kuma shi ke hana kafet miƙewa da tattarewa. Soson da muke sakawa a ƙasa kuwa namu ne, ba daga kamfani yake zuwa ba. Abin da mutum ke takawa yana jin daɗi, duk waɗannan na ƙasa ne suke ɗauke da shi, kuma mai saye bai taɓa tambayarsu ba.

Da muka dawo gida kowa ya kama shagonsa, ni a Kiru shi a Yako, sai aka sami aiki biyu a lokaci ɗaya. Masallacin Juma'a na Yako aka ba Ɗanjuma, ni kuma aka ba ni ƙaramin masallacin 'yan kasuwa a Ƙafin Maiyaki. Ka duba fa, ni mai baki aka ba ni ƙarami, shi mai sunsune aka ba shi babba. Na rantse a raina sai na riga shi gamawa, kuma sai nawa ya fi nasa kyau a ido. Na je Kano na zaɓo wani kore shar mai kaurin gashi, in ka taka ƙafarka ta nutse. Bayansa algarara ne, kuma da na ɗaga shi na ji nauyi sai na ce kaya ya yi kaya. Ban san rabin nauyin nan garin alli ne da aka cika wa gam don ya yi auki ba.

Ana gobe zan fara, Ɗanjuma ya biyo ta kan babur ɗinsa. Simintin masallacin sabo ne, bai fi kwana goma da zubawa ba. Ya cire takalmi ya shiga, ya ɗora tafin hannunsa a ƙasa, ya fito ya juya gefen kafet ɗina ya murza. Farin gari ya zubo masa a yatsu.

Ya ce, "Haladu, don Allah ka dakata. Ƙasan nan da sauran ruwa. Ka shimfiɗa leda ka danne ta ta kwana, in ka ga gumi a ƙasanta da safe to ka jira. Kuma wannan gam ɗin ban yarda da shi ba. Ina da ragowar mai bayan raga a shago, ka zo ka ɗauka."

Na ce, "Ka gama naka ne ka zo duba nawa?"

Ya ce, "Ban gama ba, wallahi zumunci ne ya kawo ni."

Na ce, "To zumuncin ya isa, a gai da mutanen Yako."

Abba, na san gaskiya ya faɗa tun kafin ya tayar da babur. Da wani ne ya faɗa mini, ko da mai tallan rake ne, da na ji. Amma daga bakinsa ta fito, don haka na kwaɓa gam na shimfiɗa kafet a kan jiƙaƙƙen siminti, na riga shi gamawa da kwana shida, na yi ta yawo a kasuwa ana sa mini albarka.

Damina ɗaya albarkar ta yi. Danshin ƙasa ya hau, mutane kuma suna shigowa da ruwan alwala a ƙafa sau biyar a yini. Algarara ta sha ta ƙoshi ta fara ruɓa, masallaci ya ɗauki wari kamar an jiƙa dawa an manta da ita, gara ta shigo ta gefen bango. Yadin biyu ya rabu da na farko, tsakiyar kafet ya kumbura, tsofaffi suna tuntuɓe. Abin da ya ƙarasa ni kuwa kaushi ne. Ka san ƙafar manoman garinmu. Wani dattijo mai sayar da albasa ya idar da sallar La'asar a sahun farko, kaushin diddigensa ya kama zobe ɗaya, bai sani ba ya kama hanyar fita. Zaren ya biyo shi tun daga bayan liman har bakin ƙofa, layi guda fayau, ana hango farin yadi a ƙasa. Har yau akwai masu kirana Haladu Kaushi a kasuwar nan, kai ma na san ka taɓa ji ka yi kamar ba ka ji ba.

Don haka kada ka sayi kafet sai ka juya shi. Ka murza bayan da babban yatsa, in ya ba ka gari ka ajiye. Ka sa farce a gefe tsakanin yadin biyu, in suka rabu ba gardama to a ɗakin mutane ma haka za su rabu. Ka lanƙwasa shi, in ka hangi yadi ta tsakanin gashi, zaren bai cika ba, komai laushinsa. Inda ruwa ke zuwa, kamar masallaci ko ɗakin da ke kusa da fadama, ka nemi mai bayan raga. Kada ka yarda mai aiki ya gaggauta ka a kan sabon siminti, ko da bikin 'yarsa jibi ne. In kuma an ba ka shawara, ka duba shawarar tukuna kafin ka duba fuskar mai ita, ni fuskar na fara dubawa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Abin da zan faɗa yanzu ko Ummanka ba ta sani ba.

Bayan an naɗe kafet ɗina an jefar bayan masallaci, duk inda na zauna sai in ji ana yabon na Yako. Wai ko tattara bai yi ba, wai mahaɗinsa ba a gani. Wata Juma'a na yi wanka na sa farar riga, na hau ƙaramar bas zuwa Yako, da basilla a aljihuna. Ba salla ce ta kai ni ba, Allah ya yafe mini. Na sami wuri a sahu na uku, dama da ginshiƙi. Liman yana huɗuba, kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma na baza rigata na rufe hannuna, na soka basilla a zobe ɗaya na ja. So nake ya warware kamar nawa, a ce ashe duk kanwar ja ce. Na ja bai zo ba. Na naɗe shi a yatsa na ƙara ja har yatsan ya yi fari. Sai ya tsinke, ɗan guntu da bai kai gaɓar yatsa ba, na kusa da shi ko motsi ba su yi ba. Gam ɗin ya riƙe su gam.

Aka ta da salla, na yi raka'a biyu da guntun zaren nan a dunƙule cikin hannuna. Ban san surar da liman ya karanta ba. Ana fitowa sai ga Ɗanjuma a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya gan ni fuskarsa ta washe, ya kama hannuna, wanda zaren ke ciki, ya ce, "Haladu, kai ne a garinmu yau? Wallahi ka kyauta." Ya saya mini fura wajen wata Bafillatana, ya goyo ni a babur har Kiru, yana ta ba ni labarin yadda ya sha wahalar daidaita layukan sahu da alƙibla. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina jin haushin aikinsa, ina jin haushin kirkinsa fiye da aikin.

Ɗana, ranar da ka ji ƙafarka tana ɗaukarka zuwa kallon aikin wani don ka samo masa aibi, ka koma gida. In kuwa ka riga ka isa, to ka tsuguna ka ga yadda ya yi, ka tambaye shi. Da ranar nan na ajiye basilla na ce Ɗanjuma nuna mini, da ya nuna mini da murna, da kuma yau ba sai ka tafi Kano neman abin da ubanka ya kasa koya ba.

Da hannu ya kasa sai na koma ga baki, inda na fi ƙwarewa. Akwai wani malamin makarantar allo a Tudun Wada da jama'arsa suka tara kuɗi za su yi wa masallacinsu shimfiɗa, kuma Ɗanjuma suka nufa. Na je gaishe shi, muna hira na jefa magana kamar ba komai. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni dai gam ɗin da ke bayan irin kafet ɗin nan ne ban san da me Turawa suke haɗa shi ba. An ce har da kitsen abin da ba a ci. Amma fa ni ban gani ba." Ka ji yadda na yi, ban yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, na dai ajiye ta na tafi. Alhali na san gam ɗin danƙo ne da alli, kuma irinsa ne a bayan nawa kayan, sai dai nawa ya fi alli. Kafin mako biyu maganar ta kai Bebeji, ta kai Doguwa. Mutum ba ya wasa da inda zai ɗora goshinsa. Aka fasa aikin Tudun Wada, aka fasa wani a Bebeji. Shi malamin, Allah ya saka masa, bai tsaya a jita-jita ba, ya bincika har ya gane babu komai, ya faɗa wa mutanensa. Amma maganar farko ta riga ta biyun yin nisa. Ɗanjuma ya yi wata biyar ba aiki, sai ya rufe shago ya koma Kano da iyalinsa.

Ka ga abin da hassada ta saya mini. Ni na kore shi daga nan, can kuma arziki yake jiransa. Yau shi ke shimfiɗa manyan masallatai da ofisoshi, ya je Makka, yana da motar kai kaya. Ni kuma da na zauna fili ya zama nawa, sai na tarar mutanen da na tsorata da gam sun koma sayen tabarmar roba, nawa kayan ma sun daina saye. Kada ka ɓata sana'arka don ka ɓata abokin sana'a, kuma kada ka fake da "an ce". Wanda ya ce an ce, shi ya ce.

Saura kai. Tun kana ɗan shekara goma sha biyar na lura, in an sauke naɗi a shago sai ka tsuguna ka juya gefensa ka murza. Ba ni na koya maka ba, kuma ba ka taɓa ganin Ɗanjuma yana aiki ba. Maimakon in yi murna sai in daka maka tsawa in ce kana ɓata mini kaya. Ka yafe mini wannan. Ba kai nake yi wa tsawa ba.

Bara da ya zo ta'aziyyar Baffanka, ka tuna ya zauna a zaurenmu a kan guntayen kafet uku da ka haɗa. Ina kallonsa yana shafawa da hannu yana neman mahaɗi. Da ya samu ya juya bayan, ya ga ta baya ka yanka, ka bi layin zare, ka sa gashin duka ya kwanta gefe ɗaya. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce kai ne. Ya ce, "Haladu, ka ba ni shi shekara biyu. Yaron nan yana da ido." Na ce zan yi shawara. Na raka shi bakin mota, ya riga ya buɗe ƙofa sai ya juyo ya ce, "Ka san na biya ta Yako na yi Azahar? Kafet ɗin nan har yau yana nan. Ya kwanta ya koɗe, amma zare ɗaya kacal ya rasa, a sahu na uku." Ya yi murmushi ya shiga mota.

Tun ranar ban san inda nake ba. Ko ya gan ni ne tun a lokacin ya yi shiru shekarun nan duka, har da fura da goyon babur, ko kuwa idon mai aiki ne kawai ya gano gurbin. In ya sani ya yi shiru, to haƙurin nan nasa ma ina jin ƙyashinsa, kuma ban san maganin wannan ba sai istigfari.

Ka duba cikin ambulan ɗin nan, za ka ga 'yar takarda a nannaɗe. Guntun zare ne ja, ya ɗan yi duhu. A cikin akwatin kayan aikina yake tun waccan Juma'ar, na kasa yarwa. Bayan ka huta ka gaishe shi, ka miƙa masa hannu biyu, ka ce in ji Haladu, na sahu na uku ne, kuma maganar gam ta Tudun Wada ma daga bakinsa ta fito. Na san abu mai nauyi na ɗora maka. Na yi niyyar zuwa da kaina ya fi sau goma, ina kaiwa tasha sai in tuna wani aiki. In ya ji ya ce ka dawo gida, laifina ne, kuma zan zo in durƙusa masa a gaban yaran shagonsa. Amma ba na jin zai ce haka, kuma sanin ba zai ce ɗin ba shi ma yana ƙona mini rai.

Ka bi shi sau da ƙafa. Ka riga kowa zuwa shago, ka riƙe wuƙarka da kaifi, kada ka shiga ɗakin mutane da takalmi ko da ba a yi shimfiɗa ba, kuma idonka ya tsaya a ƙasa inda aikinka yake. Ka kiyaye sallarka a kan lokaci. Duk abin da ya sani ka kwashe, kada ka bar masa ko ɗaya. In wani a cikin yaran ya fi ka hannu, ka zauna kusa da shi, in ka ji zuciyarka ta fara zafi ka tuna Haladu Kaushi.

Abu biyu nake roƙo. Kafet ɗin masallacin unguwarmu ya mutu, ni na shimfiɗa shi kuma ka san irin aikin. An yi mini maganar sabo, na ce a jira ka zo hutun Babbar Salla. Kai za ka zaɓa, kai za ka yanka, ni in riƙe maka bakin tef ɗin awo, kuma in ka ga na karkace ka faɗa mini a gaban kowa, zan ji.

Na biyun kuwa, ka girmama shi iyakar girmamawa, ya cancanta. Ka kira shi Alhaji, ka kira shi Maigida, duk wanda ya yi maka. In kuma bakinka ya saba har ka fara ce masa Baba, ba zan hana ka ba, ya isa a ce masa. Amma in ka zo gida kada ka faɗa a gabana. Wannan ɗaya ce ta rage mini da ba shi da ita a kanka, kuma ban kai ga iya ba da ita ba tukuna.

Ummanka tana gaishe ka, ta ce yajin kada ka bar shi a buɗe. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka hannun da ya fi nawa da zuciyar da ta fi tawa, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haladu